Samarin Sakkwato, tsaron gari ba da zafin rai ake yin sa ba

Assalamu alaikum 'yan'uwana matasa, na birni da na ƙauye. Duk lokacin da 'yan bindiga suka afka wa wani gari a gabashin jiha, ko Isa, ko Sabon Birni, ko Goronyo, maganar da ke tashi a majalisunku ɗaya ce: a ba mu makamai mu shiga dajin. Wanda aka sace wa uwa ko aka kashe wa ƙane, ba ni da bakin ce masa bai ji ciwo ba. Amma ku da kuke zaune a garin Shehu, bai kamata tarihin ƙofar gidanku ya wuce ku ba.

A 1804 jama'ar Shehu Usmanu suka ci nasara a Tabkin Kwatto, ga su 'yan kaɗan, ga ƙarancin dawaki. Kowa ya san wannan, kowa yana faɗa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne Alwasa, a 1805. Gobirawa da Kabawa da Azbinawa suka haɗa kai suka nufo Gwandu. Aka yi shawara, wasu suka ce a tsaya a tare su a gida, wasu suka ce a fita a same su a hanya. Masu son fita suka rinjaya. A kan hanya kuma rundunar ta washe wani gari da ke zaman amana da su, shugabanni suna hani ba a saurare su ba. Da aka gamu a Alwasa, jama'a suka sha kashi mai muni. Sai da suka koma Gwandu suka dake a wurin da suka sani, tsakanin duwatsunta, sannan suka kori abokan gaba. Mutanen nan ɗaya ne, jarumtarsu ba ta canja ba cikin 'yan kwanaki. Abin da ya canja shi ne sun koma bin umarni, kuma sun yi yaƙi a inda ƙasa ke taimakonsu.

Ko a Uhudu haka ta faru. Manzon Allah (SAW) ya ajiye maharba 50 a kan tudu, ya ce kada su sauko ko me suka gani. Da suka hangi ganima, mafi yawansu suka bar wurin, Khalid ɗan Walid ya zagayo ta nan da dawakai. Idan barin wurin gadi ya jawo wa Sahabbai wannan, ina ga ɗan sintirin da ke barin bakin gari da ƙarfe biyu na dare don ya je shan shayi?

Muhammadu Bello ya ɗauki darasin. A 1809 ya kafa Sakkwato ya kewaye ta da ganuwa, har yau muna kiran Ƙofar Rini da Ƙofar Kware da Ƙofar Marke ko da ginin ya tafi. Bayan ya zama Sarkin Musulmi ya kakkafa ribaɗi a kan iyakoki, garuruwa masu ganuwa inda mayaƙa ke zama da iyalansu, suna noma, suna karatu, suna lura da hanya. Shi kansa a Wurno ya tare, a can ya rasu a 1837. Ku lura da hikimar. Rundunar da ta zo ta kori maƙiyi ta koma bariki, ta bar masa ƙofar dawowa. Wanda ya zauna a wurin, ya san kowace fadama da kowace baƙuwar fuska, shi ke tsare ƙasa.

To a nan ne nake da magana da ku. Ɗan ta'addan da ke daji ba ya haƙo fetur a can, ba ya gasa burodi, ba shi da shagon katin waya. Daga cikinmu ake kai masa. Wani ke gaya masa wane ne ya sayar da shanu ranar kasuwa, wace hanya motar sojoji ta bi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wasunku ma ba da mugun nufi ba, kun ga ayarin sojoji ya wuce, kun ɗauka a waya kun watsa a Facebook da WhatsApp don a ce ku kuka fara kawo labari. Shi ma na daji yana da waya, samari.

Sai batun ramuwa. Tare mutum a kasuwa a kashe shi don kawai Bafulatani ne, laifin Alwasa ne aka maimaita: taɓa wanda ke zaman amana. Zalunci ne a wurin Allah, kuma ko ta fuskar yaƙi wauta ce. Makiyayin da ya san daji kamar tafin hannunsa, wanda da shi zai kawo labari, an mayar da 'ya'yansa sababbin mayaƙan abokan gaba. Ayyukan wasu 'yan sa-kai irin wannan sun ƙara wa wutar Zamfara mai, mun gani da idonmu ta tsallako mana.

Masu cewa zuciya kaɗai ta isa, su tuna yaƙin Giginya da Turawan Ingila, 15 ga Maris 1903. Mayaƙan Sarkin Musulmi Attahiru ba matsorata ba ne, amma takobi da mashi ba su yi komai da bindiga mai jigida ba. Yau ma mai bindigar toka da ya bi mai AK-47 cikin dajin da bai sani ba, gawa yake neman ƙara wa iyayensa.

Wanda yake son aikin tsaro da gaske, ƙofar soja da 'yan sanda a buɗe take, hedikwatar Runduna ta 8 ma a nan Sakkwato take. Wanda zai yi sintiri a garinsu, ya yi shi da sanin mai unguwa da hakimi da jami'an tsaro, a san sunansa, a san wa ke ba shi umarni, a san wa zai kira idan ya ga baƙin babura. Wanda aka kama kuma a miƙa shi ga hukuma da ransa, domin mai rai ne ake tambaya ya faɗi inda sansani yake da wanda ke kai musu mai.