Ƙanwata, ajiye biron nan ki kama mitar awo

Ƙannena mata da ke karatun injiniya da kimiyya a ABU, BUK, ATBU da sauran jami'o'inmu, da ku nake. An shiga ɗakin gwaji, an raba ku rukuni-rukuni, maza sun kama mita, wato na'urar awon lantarki, da wayoyi suna haɗawa, ke kuma an miƙo miki biro wai rubutunki ya fi kyau. Kin karɓa, kin yi shiru. A haka shekara biyar za ta wuce, ki fito da takarda hannunki bai saba da na'ura ba. Wallahi abin nan yana ci mini rai.

Wadda ta riga ki a fannin nan ta taɓa tsayawa inda kike, kuma ta san yadda ake cewa "ba ni in gwada" ba tare da rashin kunya ba. Don haka ake kafa shirye-shiryen haɗa ɗaliba da babbar da za ta ja ta a jiki. Ƙungiyar mata injiniyoyi ta Najeriya, APWEN, tun 1982 take nan. OWSD, ƙungiyar mata masana kimiyya ta ƙasashe masu tasowa, ta ba mata da dama tallafin digirin digirgir. Tsarin AWARD da ke Nairobi, na mata masu binciken noma, ya fi burge ni: a haɗa ki da mai yi miki jagora, daga baya ke ma dole ki ɗauki wata ƙarama ki koya mata.

Kada ki ce aure ko 'ya'ya sun rufe miki hanya. Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id ta BUK tana da shekara 29, da 'ya'yanta, ta shiga jami'a, kuma a 2015 ta karɓi lambar yabo ta Gidauniyar Elsevier kan binciken sararin samaniya.

Amma jagora ba ta bin ɗaliba ɗakin kwana. Ke za ki je ofishinta, a lokacin aiki, da tambaya takamaimai: ina ya dace in yi SIWES, wato horon aiki na ɗalibai a masana'antu, wane batu zan ɗauka a furojet, ga takardar neman tallafin da na rubuta, Malama a duba mini. Ba maki za ki roƙa ba, kuma idan ta ba ki abin karantawa, ki karanta kafin ki koma.

Ku kuma yayyenmu malamai mata, mun san aiki ya yi muku yawa. Ko awa ɗaya ce a mako, ku rubuta a jikin ƙofa, don yarinyar aji ɗaya ta san ranar da za ta same ku.