Kawu Da Filashi Mai Terabait 2

"Kawu, me filashi yake yi a bakin cajar waya?"

"Caji nake yi masa mana. Takarduna na ciki, kada su mutu."

"Ai ba shi da batir, Kawu. Ƙananan ɗakuna ne a cikinsa, biliyoyi, kowanne an kulle ƙwayoyin lantarki a ciki, ko an ɗauke wuta suna nan. Irinsa ne a wayarka, shi ya sa in ta mutu hotuna ba sa tafiya. RAM, ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, ita ce mai mantuwa da zarar an kashe kwamfuta."

"Na sani. Gwada ka nake yi."

Kawu dai tun da aka haife shi ba a taɓa faɗa masa sabon abu ba, sai dai a tuna masa.

"Wani injiniyan Toshiba ne a Japan ya ƙirƙiro shi a shekarun 1980, Fujio Masuoka."

"Yaro mai ladabi."

"Ka san shi, Kawu?"

"Ci gaba da maganarka."

"Abin da kawai ake tsoro, in ya yi shekaru a ajiye ba a taɓa shi ba, cajin ɗakunan kan zurare a hankali, fayil ya lalace."

"Cajin me? Sake faɗa, ɗana, da ƙarfi! Ashe dai akwai caji!"

"Ba irin wannan ba. Maganinsa kwafi a wani wurin."

"Ka ce caji ko ba ka ce ba?"

An yi minti goma a kan wannan gaɓa. Kawu ya kira mutum biyu a waya ya shaida musu.

"Ni fa na fi yarda da tsohon had dis. Kana jin gurnaninsa ka san yana aiki. Wannan kuwa shiru kamar munafuki."

"Faifai ne ke juyawa a wancan, wani sau 7,200 a minti, ya faɗi ƙasa yana aiki shi ke nan. Filashi ba abin da ke motsi a ciki, shi ya sa kwamfuta mai SSD, wato ma'ajiya irin ta filashi a madadin had dis, take tashi nan da nan. Shi ma dai yana tsufa, kowane gogewa yana cin ɗakunan. Masu araha gogewa sau 'yan ɗaruruwa zuwa 'yan dubbai kawai suke jurewa."

"To daga yau ba na goge komai."

Ya fizge filashin, ya soka a kwamfuta, ya kwafa abu, ya sake fizgewa.

"Kawu! Ka bari ta gama rubutawa, ka danna ta sallame shi tukuna!"

"Ni zan nemi izinin kwamfuta kafin in ɗauki kayana? Wa ya sayi wani?"

"Ga shi nan, fayil ɗin ya ƙi buɗewa. Kai, har na bara ma. Kawu, ina ka samo wannan?"

"Terabait 2 ne. Karanta jikinsa, da ruwan zinare aka rubuta. Kwamfutar ma ta yarda."

"Abin da ya faɗa mata take maimaitawa. 'Yan damfara suna shirya shi ya yi ƙaryar girma, na gaskiyar gigabait 8 ko 16, alhali terabait 2 gigabait 2,000 ne. In ya cika ba ya cewa ya cika, sai ya hau kan tsofaffin ya rubuta. Sunayen fayil suna nan, cikinsu wayam."

Kuma irin wannan kaya suna nan fal a intanet, da taurari biyar-biyar daga mutanen da ba su taɓa cika su ba.

"Wato kana nufin an cuce ni? Ni?"

"Ban ce ba, Kawu."

"Kwamfutarka ce ba ta kai matsayinsa ba. Ai mutumin ya gaya mini yana da mai terabait 16, gobe shi zan karɓo."