Yaron da kuke kira kangararre, kun taɓa kai shi likita ya duba shi?

Shekara uku na yi ina dukan ɗana a kan abin da ba shi da iko a kansa. Ina rubuta wannan ne zuciyata na ƙuna, don na san gidaje da yawa suna cikin halin da muka fito.

Tun yana shekara biyar ba ya iya zama wuri guda. A aike shi sayo gishiri, ya dawo hannu rabbana, ya manta saƙon, kuɗin ma bai san inda ya yar ba. A boko an kora shi bencin baya, a Islamiyya kullum bulala. Makarantu biyu suka sallamo mana shi. Wani dare ina shafa masa magani a shatin dorinar da ke bayansa, sai ya ce, "Umma, wallahi ina son in riƙa jin magana, kaina ne ba ya tsayawa." Yana ɗan shekara takwas a lokacin. Ranar ban runtsa ba.

Kafin nan babu abin da ba mu yi ba. Kakarsa ta ce iska ce, aka yi hayaƙi, aka sha rubutu, aka yi ruƙiyya. Wani kawunsa ya ce kunnen ƙashi ne kawai, a kai shi gidan mari ya dawo saitinsa. Jikina ya yi sanyi, domin ban manta Satumbar 2019 ba, da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, har da ƙananan yara, wasu da mari a ƙafa. Iyayensu ne suka kai su da hannunsu, da niyyar gyara. Nawa ne a cikinsu likita kawai suke buƙata?

Da na ce zan kai shi sashen likitocin ƙwaƙwalwa, sai da aka yi rigima a gida. "Asibitin mahaukata za ki kai mana jika? Gobe wa zai auri ƙannensa?" Wannan maganar ce ke cinye yaranmu. Muna tsoron bakin mutane fiye da yadda muke tausayin yaron da ke gabanmu.

Likitar ba ta yi gaggawar rubuta magani ba. Ta tambaye ni tun daga goyon cikinsa: ya yi kuka da aka haife shi? Ya yi shawara? Ya taɓa sanƙarau ko jijjiga? Yaya barcinsa? Ta sa aka gwada jinsa da ganinsa, ta ce wani yaron kunne ne bai ji sosai, ana ta kiransa daƙiƙi. Ta ce akwai ma farfaɗiyar da ba ta kayar da yaro, sai dai ya ƙura ido na 'yan daƙiƙu, a ɗauka shashanci ne. Ta ba ni takarda in kai wa malamin ajinsa ya cike. Sai a zuwa na uku ta ce yana da ADHD, lalurar kasa tattara hankali da yawan motsi. Ba a yanke wannan hukuncin sai alamun sun kai wata shida, sun fara kafin shekara 12, kuma ana ganinsu a gida da makaranta duka.

Ni aka fara yi wa gyara kafin shi. Umarni ɗaya a lokaci ɗaya, ido cikin ido. A yaba masa nan take idan ya yi daidai. A ajiye bulala. Daga baya aka ɗora shi a kan magani, wanda yake rage masa cin abinci, shi ya sa ake auna nauyinsa duk zuwa. Yana da tsada, wani lokacin sai mun zagaya kemis-kemis kafin mu samu.

Ban ce duk ƙiriniya ciwo ba ce, yaro sai da wasa. Amma idan abin ya hana shi karatu, ya raba shi da abokai, ya hana gida zaman lafiya, a duba. Haka yarinyar da ta daina magana, ta daina cin abinci, take kulle kanta a ɗaki tana kuka, mu kuma muna yabonta da kunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin lalurorin ƙwaƙwalwa suna farawa ne kafin a wuce shekara 14.

Likitocin sun yi kaɗan, gaskiya ne, kuma layi da tsawo. Amma akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, ga sashe a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano. A farkon 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Saura a ga aikinta a makarantunmu, inda malami zai gane yaro irin nawa kafin ya ɗauki dorina.

Addu'a ba mu daina ba, har yau kakarsa na yi masa tofi duk dare, kuma ita ce ke tuna mini ranar komawa asibiti. Jiya na aike shi kanti da abu uku rubuce a takarda. Ya kawo duka ukun, ya miƙo mini canjin naira 50, ya tsaya yana kallon fuskata.