Alhaji a Ƙofar Kantin Lotte

Ƙarfe 10:30 na safe cif aka buɗe ƙofar kantin Lotte na unguwar Myeongdong a birnin Seoul, Koriya ta Kudu. Ma'aikata sun jeru dama da hagu, hannuwa harɗe bisa cibiya, suka rusuna a tare: "Oso oseyo!"

Alhaji ya ja birki a tsakiyar ƙofa, ya saɓa babbar riga.

Alhaji: Malam, ka gani? Labari ya riga mu isowa.

Malam: Wane labari?

Alhaji: Nawa mana. Yadin da na ɗaura jiya a kasuwar Dongdaemun ka ɗauka ba a yi zancensa a gari ba?

Ɗan Boko: Ranka ya daɗe, kullum haka manyan kantunan nan suke yi idan an buɗe. Ko ɗan aike ya shigo neman banɗaki, haka za a yi masa. Marhabin kawai suke cewa.

Alhaji: Hassada ga mai rabo taki ce. Dubi waccan ta ƙarshe, ai ni take kallo.

Ɗan Boko: Kai take kallo saboda ka tare hanya. Mutum wajen ashirin ne a bayanka, kuma mutanen garin nan ba sa son jira. Ka ɗan sunkuyar da kai sau ɗaya, ka ce "annyong haseyo", wato sannu, in ka ga dama, ƙafarka kuma kada ta tsaya.

Alhaji: Sau ɗaya? Mutum goma sha biyu su gaishe ni, in amsa sau ɗaya? Wa ya haife ni?

Sai ya nufi ta farko a layi. Duk wanda ya taɓa bin Alhaji ɗaurin aure ya san ba a cinye shi a gaisuwa: shi ke fara ta, kuma shi ke rufe ta.

Alhaji: Ina kwana, 'yan mata? Ina gajiya? Ya sanyi? Ya mutan gida?

Yarinya ta yi murmushi ta rusuna. Alhaji ya rusuna ya fi ta. Ganin dattijo ya yi ƙasa da ita, sai ta ƙara yin ƙasa. Alhaji ya ce Allah ya kiyaye, ya ninke har hula ta bar kai ta gangara. Yarinya ta bi ta, ta ɗauko, ta miƙo da hannu biyu, ta rusuna. Alhaji ya karɓa, ya rusuna.

Ɗan Boko: Alhaji, don Allah tsaya! Wannan ba ta ƙarewa. A ƙa'idarsu ƙarami ne ke fin yin ƙasa, kuma mai aiki ba ya barin baƙo ya fi shi. Duk sanda ka ƙara, dole ta ƙara. Bayanta kake karyawa.

Alhaji: To nawa ne nawa kason?

Ɗan Boko: Mataki uku na rusunawa ake koya wa ma'aikata, ana auna lanƙwasar baya da digiri. Digiri 15, gaisuwar wucewa. Digiri 30, tarbar baƙo, ita ce suka yi maka. Digiri 45, ban haƙuri ko godiya mai nauyi. Naka na farko ne, kai ko bai kai ba. Baya a miƙe, ka ɗan karkato kai da kafaɗa, ido ya sauka ƙasa, daƙiƙa ɗaya ka ɗago. Hannu a gefe. Idan hula ta motsa, ka wuce gona da iri.

Alhaji: Ita 30, ni 15? Wato a gaban jama'a yarinya ta ninka ni?

Ɗan Boko: Ai a nan mai ƙaramin lamba shi ne babba.

Alhaji ya yi shiru yana juya maganar. Ta yi masa daɗi, amma bai so a gani ba.

Alhaji: To me ya hana in yi biyar?

Duk wannan abin Malam na gefe, wuya a sandare, carbi na gudu.

Malam: Ni dai ko rabin digiri. Ruku'u na Allah ne shi kaɗai. Ban baro Zariya don in lanƙwasa wa mai sayar da turare ba.

Ɗan Boko: Allah gafarta Malam, fatawa taku ce, ba zan shiga ba. Amma ba wanda zai bi ka da gudu don ba ka rusuna ba. 'Yan ƙasar ma da yawa wucewa suke yi ba su tanka ba. Abin da ke da muni shi ne a gaishe ka ka ɗaure fuska, ka ɗaga hanci. Ka dubi mutum, ka saki fuska, ka ce "annyong haseyo", ka ɗan gyaɗa kai yadda kake yi wa mai karatu idan ya kawo aya daidai. In ka so ka ɗora hannu a ƙirji. Sannan ba musabaha, ba a miƙa wa ma'aikacin kanti hannu.

Malam: Ba musabaha? To a nan sun yi hankali.

Alhaji: Malam, ni fa ban ce komai ba. Amma almajiran da ke zubewa tun daga bakin zaure in za su gaishe ka, su digiri nawa suke yi?

Malam: Wannan ladabi ne.

Alhaji: Oho.

Malam ya ƙara wa carbi wuta. A hawa na biyu Alhaji ya fito da sabon salo: ya haɗa tafin hannu biyu a ƙarƙashin haɓa, yana bin masu sayar da takalma da shi ɗaya bayan ɗaya.

Ɗan Boko: Sauke, Alhaji. Wannan na Tailan ne. A Koriya sai a wurin ibadar 'yan Buddha ake haɗa tafi haka. A kanti sai a ga kamar ba ka san ƙasar da ka sauka ba.

Alhaji: A fim na gani.

Ɗan Boko: Kuma ka daina zare ido kana kallon mutum lokacin da kake rusunawa, kamar za ku fara dambe. Shi ma a fim ne.

Alhaji: To tunda abin na burgewa ne, bari in yi musu babbar da na ga ana yi a talabijin, ta goshi a ƙasa.

Malam: Innalillahi!

Ɗan Boko: Wannan ta iyaye da kakanni ce, ranar bikin sabuwar shekararsu, ko wurin aure. Mai rai sau ɗaya ake yi masa. Sau biyu na mamaci ne. Da yadda kake maimaita abu, sai ka yi wa mai takalmi jana'iza yana tsaye.

An zo biyan kuɗi. Alhaji ya zaro kati da yatsu biyu na hagu, ya cilla bisa kanta, irin cillawar da ke sa mai karɓa ya san matsayinsa.

Ɗan Boko: Ɗauka ka sake. Da hannu biyu, ko da dama, hagu na tallafe da ita a wuyan hannu. Haka za a dawo maka da shi, haka za ka karɓi leda. Ka ce "kamsahamnida", wato na gode, ka gyaɗa kai. Wannan ta fi duk ninkewar da ka yi a ƙofa daraja.

Alhaji: To ga wannan, a ba yarinyar hula ta sha ruwa.

Ya zaro takardar kuɗin Koriya ta won 50,000, mai ruwan ɗorawa, ya ɗaga ta yadda na nesa ma zai shaida.

Ɗan Boko: Mayar. Ba a ba da tukuici a nan. Za ta ƙi karɓa, ka matsa, ta yi ta rusunawa tana ja da baya, mu koma gidan jiya. In za mu fita za su ce "annyonghi kaseyo", a sauka lafiya. Kai mai tafiya "annyonghi kyeseyo" za ka ce, a zauna lafiya. Kada ka maimaita nasu.

A bakin ƙofa Alhaji ya maimaita nasu da ƙarfi, ya sallami ma'aikata goma sha biyu daga wurin aikinsu. Suka rusuna. Ɗan Boko ya riƙe masa hula ta baya.

Da yamma suka shiga wani ɗan shagon kwana-buɗe a unguwar Itaewon, ƙasa da babban masallacin da aka buɗe a 1976. Yaron shago ya ce "oso oseyo" yana jera madara, ko waiwaye bai yi ba.

Alhaji: Kai! Ina digiri 30 ɗina? Kira min mai shagon.

Ɗan Boko: Ƙaramin shago baki kawai ake yi, Alhaji, ka gyaɗa kai ka ɗauki ruwanka. Kuma ka rage murya. An yi masu kuɗin da suka sa ma'aikatan kanti durƙuso, bidiyo ya fita, ƙasa ta ɗauka. Tun 2018 doka ta wajabta wa mai kamfani ya kare ma'aikacinsa daga cin mutuncin mai saye.

Alhaji: Doka? Don an ɗaga wa yaron shago murya?

Malam: Da a gida ne, da kurkuku ta cika da manyan riguna.

Alhaji: Ni dai na ga abin koyi. Ina komawa Kantin Kwari, yarana za su jeru ƙarfe takwas, duk wanda ya shigo digiri 30. Ni kuma in na iso, 45.

Ɗan Boko: Madalla. Sai dai a nan mafi ƙarancin albashi a 2025 won 10,030 ne, a kowace awa.

Alhaji: A wata dai.

Ɗan Boko: A awa, ranka ya daɗe.

Malam: Naka yaran kuwa wata nawa suke bin ka?

Alhaji ya buɗe robar ruwa, ya sha rabi, ya rufe a hankali.

Alhaji: Kai, al'adar wasu ce. Su ci gaba da "sannu da zuwa".