Abin da Ya Rage Bayan An Mayar da Takubba Kube

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

'Yan'uwa, idan aka ɗauko zancen ƙasashen da sahabbai suka buɗe, yawancinmu hankalinmu kan tafi ga dawakai da takubba, da yadda rundunar Rumawa ta watse a Yarmuk a shekarar 636, har wani ya riƙa magana kamar da shi aka yi gumurzun. Abin da ba mu cika tsayawa a kansa ba shi ne halin da mutanen nan suka nuna washegarin nasara, lokacin da ba sauran mai iya tanka musu.

Tun kafin rundunonin Sham su bar Madina, Sayyidina Abubakar (RA) ya yi wa Yazidu ɗan Abu Sufyan rakiya a ƙafa, yana yi masa wasiyya kada ya kashe mace ko yaro ko tsoho, kada ya sare bishiya mai 'ya'ya, kada ya rushe gini, kuma ya ƙyale masu bauta da suka keɓe kansu a ɗakunan ibadarsu. Imamu Malik ya kawo wannan a Muwaɗɗa.

Mu ɗauki Masar. Amru ɗan Asi (RA) ya shige ta a ƙarshen shekarar 639 da mutum wajen 4,000, daga baya Sayyidina Umar (RA) ya aiko masa da ƙari, kuma zuwa 642 Iskandariyya ta shiga hannun Musulmi. A lokacin, shugaban Kiristocin Ƙibɗawa, Binyaminu, ya shafe shekaru fiye da 10 a ɓoye saboda tsanantawar Rumawa, waɗanda su ma Kiristoci ne amma aƙidarsu ta saɓa da tasa. Amru ya ba shi aminci, ya fito ya koma kan kujerarsa. Ba a tilasta wa mutanen ƙasar shiga Musulunci ba, an ɗora musu jiziya an bar musu cocinansu, shi ya sa aka ɗauki ɗaruruwan shekaru kafin Musulmi su yi rinjaye a Masar, kuma har yau akwai miliyoyin Ƙibɗawa a cikinta.

Masu tarihi sun ruwaito cewa ɗan Amru ya yi tseren doki da wani Bamasare, da aka tsere masa sai ya zane shi da bulala yana taƙama da gidansu. Mutumin ya niƙi gari har Madina ya kai ƙara. Umar ya kira gwamna da ɗansa, ya miƙa wa mai ƙara bulala ya rama, sannan ya tambayi Amru tun yaushe suka fara bautar da mutane alhali uwayensu sun haife su 'ya'ya, ba bayi ba. Ni abin da ya fi ba ni tsoro a wannan labari shi ne yaƙinin da talakan nan yake da shi cewa idan ya je za a saurare shi. Kai da aka ba ka shugabancin ofis, ko unguwa, ko ma gidanka kawai, ɗan aikinka zai iya kawo maka ƙarar ɗanka na cikinka yana sa ran adalci? Allah Maɗaukaki ya ce a Suratul Ma'ida kada ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu ƙi yin adalci, ballantana wanda ba mu da wata gaba da shi, rauninsa kaɗai muka gani.

Ba cewa ake yi duk sarakunan da suka biyo baya sun tsaya a kan wannan ba, domin an sami gwamnonin da suka ci gaba da karɓar jiziya daga waɗanda suka musulunta, sai da Umar ɗan Abdul'aziz ya hana.

Daga Masar aka nausa yamma. Uƙba ɗan Nafi'u ya kafa Ƙairawan, a Tunisiya ta yanzu, a shekarar 670, kuma sansanin mayaƙa ne aka nufa da ita. Sansanin ya zama garin malamai, inda malam Sahnun ya tattara Mudawwana, babban littafin fiƙihun Malikiyya, inda kuma Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a 996, ya rubuta Risalar da har gobe ake biya wa almajirai ita a zaurukan Kano da Zariya da Damagaram bayan sallar asuba.