Sautin da ke cikin fiyano ba gadon gidanku ba ne

Shekaranjiya wani ƙanena a sana'a ya kira ni situdiyo, wai in zo in ga aikin da ya haɗa. Ya buɗe kwamfuta, sai ga sautuka jere reras, kowanne da sunansa a goshi. Ya danna ɗaya. Ban gama zama ba na gane muryar: fiyanon Korg M1 ce, wadda ta fito tun 1988, kafin a haife shi. Ashe kwana uku ya yi yana danna maɓallan fiyanon aro ɗaya bayan ɗaya yana naɗa, ya yanyanka, zai zuba a intanet ya sayar. Na ce, "Wa ya ba ka?" Ya ce, "Yaya, ai sauti ne, sauti ba shi da mai shi."

Wannan maganar ce ta hana ni barci, don ba shi kaɗai ke faɗinta ba.

Ƙannena, ku bambanta abu biyu. Akwai sintesaiza, wato na'urar haɗa sauti, irin Minimoog ta 1970 ko na'urar ganga ta TR-808, wadda lantarki ke haifar da sautin a cikinta lokacin da ka taɓa. Ka murɗa, ka naɗa, naɗin naka ne. Amma irin su M1 da Roland JV-1080 cike suke da sautukan da kamfani ya riga ya naɗa ya ajiye a cikinsu. Wasu mutane ne suka zauna suka ɗauki sautin fiyano na gaske, suka gyara, aka biya su. In ka yi waƙa da waɗannan sautuka ka sayar da waƙar, babu mai ce maka kanzil, don haka aka ƙera kayan. Amma ka kwashe su tsirara, ka liƙa sunanka, ka ce haja ce? Zanen aro ba ya rufe katara. Manhajoji irin su Omnisphere ma sun rubuta hanin ƙarara a yarjejeniyarsu, wadda kuke danna "na yarda" ba ku karanta ko layi ɗaya ba. Wannan ma in sayen manhajar kuka yi, don yawancinku fasassa kuke saukewa, ta zo da ƙwayar cuta ta cinye aikin shekara, ku zo kuna salati.

Sai wani ya ce ai ɗan guntu ne. Daƙiƙa biyu kacal aka ɗebo daga kiɗan ƙungiyar Kraftwerk ta Jamus na 1977, aka sa a wata waƙa a 1997, shari'a ta yi ta jan ƙafa har gaban kotun Tarayyar Turai a 2019. A Amurka, a 2005, wata kotun ɗaukaka ƙara ta ce ko ka nemi izini ko ka bar kayan mutane. Gaskiya ne wata kotun ta sassauta wa mawaƙiya Madonna a 2016 kan busar da ba ta kai rabin daƙiƙa ba, amma kai kana da lauyoyinta? Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Abin da ya fi ƙona min rai, ku ne kan gaba wajen ihu in wani ya ɗauki kiɗanku bai ambace ku ba. Sai a cika Facebook da "an ci min haƙƙi". To na wasu fa, ruwan sama ne? Ku ji tsoron Allah, ku riƙa tambaya kafin ku taɓa.

Da can mutum kan yi wata guda yana fama da sintesaizar Yamaha DX7, allonta ɗan mitsitsi, idonsa ya yi ja, don kawai ya fitar da sauti ɗaya da za a ji a ce na wane ne. Kunya ce a kama ka da na wani. Yanzu kuwa har ƙanen nawa na tambayata wace kalar hoto zai sa a kan kayan don su fi shiga kasuwa.