Yadda Na Karkatar da Albam Guda Zuwa Dama

Waƙoƙi 9 na rera a ɗakina, babu kamfani kuma babu mai ɗaukar nauyi, saboda haka ranar da na gama ɗaukar murya na zaci wahala ta wuce, ashe tsugune ba ta ƙare ba. Akwai sauran miksin, wato daidaita murya da kiɗa da amshi yadda wani ba zai danne wani ba, sannan mastarin, gogewar ƙarshe da take sa waƙoƙin su fito da ƙarfi ɗaya kamar 'yan ɗaki ɗaya. Na yanke shawarar yin miksin da kaina, in bar wa ƙwararren injiniya mastarin.

Tun a daren farko ya kamata in gane cewa kunnena ba abin yarda ba ne. Na ji muryata ta yi dushi-dushi, sai na buɗe manhajar tace sauti na shiga rage amon da ke wajen 300 Hz a ma'aunin kauri da sirantar sauti, inda irin wannan dushewar ta saba taruwa. Na shafe awa guda ina ragewa kaɗan-kaɗan, ina gyaɗa kai, ina yaba wa kaina yadda muryar ta washe. Sai da na tashi adana aikin na lura cewa manhajar a kashe take tun farko.

Babbar matsalar kuwa ita ce, duk waƙar da na saurara sai in ji ta jingina hagu. Da yake cikin dare nake aiki, hedifon nake sawa don kada lasifika ta tashi maƙwabta. A ƙa'ida babbar murya da ganga da bes, wato kiɗan nan mai kaurin amo, a tsakiya ake ajiye su, amma ni na bi su ɗaya bayan ɗaya ina tura su dama har suka zauna daram a tsakiyar kaina. Ma'aunin da ke fuskar kwamfuta ya yi ta nuna mini cewa dama ta rinjayi hagu, na ce ai na'ura ba ta da kunne. Na ma gwada a wayata, wadda lasifikarta ɗaya ce tak, don haka ba ta san hagu ba balle dama, ta kuwa ba ni gaskiya.

Bayan mako 3 na fitar da fayilolin sauti na WAV masu bit 24, na bar sararin desibel 6 kafin ƙara ta kai maƙura kamar yadda injiniyan ya nema, na aika masa wanda na raɗa wa suna “na ƙarshe na gaske wallahi”, domin “na ƙarshe” da “na ƙarshe na gaske” sun riga sun mutu. Na haɗa da roƙon ya sa albam ɗina ya fi na kowa ƙara.

Washegari ya kira ni cikin ladabi. Ya fara da cewa Spotify, dandalin sauraron waƙoƙi a intanet, yana daidaita ƙarfin waƙoƙi zuwa wajen -14 LUFS a ma'aunin ƙarfin sauti, don haka wanda ya cika ƙara rage masa ake yi. Sannan ya yi gyaran murya ya ce, “Malam, mawaƙin nan naka, akwai wanda yake binsa bashi a ɓangaren hagu ne?”

Ya umarce ni in danna maɓallin mono, wanda yake aika sauti iri ɗaya zuwa kunnuwa biyu. Na danna, waƙar ta tattara ta koma kunnen hagu. Da na murza igiyar hedifon ɗin kusa da filogi, sai ɓangaren dama ya farfaɗo da wata ƙara da ta sa na yi jifa da shi.

Na sayi sabo, na mayar da kowa tsakiya a waƙoƙin 9, ko da yake kwana biyu na yi ina jin sabon ma kamar ya karkata dama. Fayil ɗin da na aika na sa masa suna “idan ka ga wani bayan wannan kada ka buɗe”. Da asuba na aika masa wani.